Sharhi a kan wata cibiyar koyon sana'a ta gwamnati: malamai ƙwararru, shugaba ba iko

Ƙanena ya shafe watanni tara yana koyon wayarin gida da haɗa sola a wata cibiyar koyar da sana'o'i ta gwamnatin jiharmu, kuma tunda ni na ɗauki nauyin karatun, na riƙa leƙawa har na fahimci yadda ake tafiyar da wurin. Ba zan ambaci sunanta ba, domin matsalar da na gani ta fi ƙarfin mutanen da ke aiki a ciki.

Malaman sun san aikinsu. Wanda ke koyar da wayarin ya daɗe yana aikin lantarki a gine-gine kafin ya shiga koyarwa, kuma ba ya yarda ɗalibi ya taɓa waya sai ya gwada ya tabbatar babu wuta a jikinta. Ginin yana da tsabta, kuɗin rajista bai fi ƙarfin talaka ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne kayan aiki. Akwai manyan injuna da ɗan kwangila ya kawo aka ƙaddamar da su da biki, amma waya da soket da makunni da man janareta, waɗanda su ne abincin yau da kullum na ɗakin koyon aiki, sukan yanke na makonni. Da na tambayi shugaban cibiyar, sai ya bayyana mini cikin ladabi cewa ba shi da hurumin sayen ko naɗin waya ɗaya sai ya rubuta takarda zuwa ma'aikata, fayil ɗin ya bi ofis-ofis, a amince, sannan a jira sakin kuɗi. Hatta abin da ɗalibai ke biya yana wucewa ne kai tsaye zuwa asusun gwamnati. Kafin kayan su iso zango ya yi nisa, malami ya koma zana layin waya a kan allo, alhali sana'ar hannu ba ta shiga sai hannu ya yi ta maimaitawa.

Abin da ya fi damuna shi ne kwamitin da ke kula da cibiyar. Duk ma'aikatan ofis ne, babu mai aikin lantarki ko makaniki ko tela ko guda a cikinsu, saboda haka babu wanda zai faɗa musu cewa kasuwa ta koma batirin litiyam da inbata na zamani, su kuwa ɗalibai suna gwaji da tsohon batir guda ɗaya. A Jamus, majalisun masu sana'a da masana'antu ne ke shirya jarrabawar masu koyon aiki, kuma ɗalibi ya fi daɗewa a kamfani fiye da aji. Mu ma muna da ginshiƙan da za a dogara da su: asusun horar da ma'aikatan masana'antu (ITF) da aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, wanda kamfanoni ke zuba wa kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu, da hukumar NBTE ta Kaduna da aka kafa a 1977 don tsara manhaja da tantance makarantun fasaha, da hukumar NABTEB da aka kafa a 1992 don shirya jarrabawar fasaha da kasuwanci. Sai dai cibiyar ba ta ɗaura kwas ɗin da ko ɗaya daga cikinsu ba, takardar shaidarta tata ce ta cikin gida. Ƙanena sai da ya je daban ya zauna gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya kafin ya samu takardar da zai iya nunawa a wajen neman aiki.

Abin da ya cece shi shi ne malamin wayarin nan, wanda a kan karan kansa ya haɗa shi da wani ubangida a kasuwar kayan lantarki, yana bin sa aiki ranakun Asabar da Lahadi. A can ya fara haɗa sola ta gaske a kan rufin gida.

Ga mai niyyar kai ɗansa irin wannan wuri, shawarata ita ce ya kai shi, amma kafin ya biya ya tambayi wace hukuma ce ta amince da takardar shaidar, ya shiga ɗakin koyon aiki ya ga kayan da idonsa, ya kuma tanadi kuɗin sayen waya da ƙananan kayan aiki daga aljihunsa, tare da nemo ubangidan da yaron zai riƙa bi tun daga makon farko.