Wane littafin labari za a saya wa ɗan shekara goma a Garwa?

Da an rufe makarantu a watan Yuni, sai iyaye mata su riƙa tsayar da ni a hanyar kasuwa ko a gidan suna: "Malama, wane littafi zan saya wa yarinyar nan? Ga hutu har Satumba, ba ta da aikin yi sai waya." Yawancin yaran 'yan shekara 9 ne zuwa 13, daga aji CM1, wato aji biyar na firamare a nan Kamaru, zuwa farkon sakandare. A wannan tsakanin ne yaro ke ƙosawa da littafi mai hotuna, ya fara neman labari mai tsawo. Na kuma lura labarin da ya fi kama su kusan iri ɗaya ne: ƙawaye biyu ko abokai uku, da wani abu da manya suka binne a gida. Akwatin da ba a buɗewa, hoton da aka yanke gefensa, kawun da ba a ambaton sunansa.

Na Faransanci su ne suka fi yawa, tunda da shi yaranmu ke karatun boko. Jerin Folio Junior na kamfanin Gallimard, da jerin Neuf na L'école des loisirs, don wannan shekarun aka yi su, kuma sau da yawa akan rubuta shekarun mai karatu a bayan bango. Takarda mai kyau, ɗauri mai ƙarko, sannan yaron da zai zauna jarrabawar CEP ta gama firamare yana tsintar kalmomi ba tare da ya ji karatu ake sa shi ba. Sai dai sabo fil yana cin jakkuna, wani lokaci ma sai an yi saƙo Yawunde ko Duwala. Kuma gidajen da ke ciki ba irin namu ba ne. Yarinya za ta buɗe wasiƙun uwarta a ɓoye, ta ɗaga mata murya, ta bugo ƙofa, marubuci kuma ya ba ta gaskiya. Ban ce a hana yaro karanta wannan ba, amma ya zama akwai babba a kusa da za su tattauna. Waɗanda ake bugawa a Yawunde, kamar na kamfanonin Akoma Mba da CLE, sun fi kusa da mu: akwai kaka, akwai tsakar gida, akwai maƙwabcin da ya san komai. Yawancin waɗanda suka zo hannuna sirara ne, yaro mai saurin karatu zai cinye ɗaya tsakanin azahar da la'asar. Mai son gwadawa kafin ya kashe kuɗi, ya kai yaro ɗakin karatu na Alliance, cibiyar harshe da al'adun Faransa, a nan Garwa, ya ga irin wanda hannunsa ke kaiwa.

Ni dai mafi yawan sayayyata wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi nake yi, waɗanda ake ce wa 'yan poto. Da kuɗin sabo ɗaya sai ki kwaso da dama. Ku je a watan Yuli. Da Satumba ta kawo kai hankalinsu ya koma kan littattafan aji, babu mai tono muku labari a ƙasan kwali. Ku bi lambobin shafi daga farko zuwa ƙarshe, musamman na ƙarshen, domin su ne ke fara zubewa. Na ga yarinyar da ta kwana biyu tana bin labari, ta zo daidai inda kaka za ta buɗe baki, sai ta tarar an yage shafi shida. Kuka ta yi sosai. Ku shinshina don ɗanshi, ku duba cin gara, wanda aka yi hotonsa a inji kuwa, rubutunsa kan dushe ya wahalar da ido.

A nan ne mai sayarwa zai iya miƙo muku Les Impatientes na Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, wanda ya ci kyautar adabi ta Goncourt ta ɗaliban sakandare a Faransa a 2020. Abin alfaharinmu ne, kuma ina so kowace uwa ta karanta shi. Amma zancen auren dole ne da duka da zaman kishi. Ku saya wa kanku, ku ajiye wa yarinya sai ta girma.

Na Hausa kuwa, a nan zuciyata ta fi karkata, a nan kuma ya fi kamata a buɗe ido. 'Yan kasuwa ne ke shigo da su daga Najeriya ta Mubi ko Yola, ba su da tsada. Amma mafi yawansu littattafan soyayya ne na Kano, waɗanda suka bunƙasa tun shekarun 1980, kuma don manya aka rubuta su. Bangonsu ba ya faɗin shekaru. Asirin gida kam cike suke da shi, sai dai irin na cin amanar aure da shiga wurin boka, wanda ba kayan kan ɗan shekara goma ba ne. Tsofaffin na Zariya, irin su Magana Jari Ce na Abubakar Imam da ya fara fitowa a 1937, lafiyayyu ne, Hausarsu kamar zuma, illa dai gajerun labarai ne, ba doguwar tafiyar ƙawance da yaran ke nema ba. Sannan kada ku yi mamaki in yaron da ke zuba Hausa a gida ya kasa karanta ta. Bakinsa ya saba da ƙa'idar Faransanci: zai ga "ciki" ya ce "siki", ya ga "u" ya tsuke leɓe. Ku zauna da shi ku karanta shafi biyu na farko da murya. Wanda ya taɓa karanta Fulatanci ya riga ya san ɓ da ɗ, saura ƙ da ts, kwana kaɗan ya ware.

A waya akwai African Storybook da StoryWeaver, kyauta ne, da labaran Hausa, amma galibi na ƙanana ne. Labaran da ake yaɗawa kashi-kashi a WhatsApp da Facebook kuwa babu mai tace su, ba na miƙa wa yaro.

Ko wanne kuka ɗauka, ku tsaya nan gaban mai sayarwa ku karanta babin ƙarshe. Wane asiri ne? Wa ya tona shi, yaro ne ya ƙwato ko babba ne ya zaunar da shi ya faɗa masa? Bayan ya fito, an wulaƙanta wanda ya ɓoye ne, ko an nuna dalilinsa? Ƙawar fa, ta riƙe amana ko ta kai zancen makaranta? Ni littafin da nake fifitawa shi ne wanda ƙawa ta ji maganar ta yi shiru da ita, ta kuma raka 'yar'uwarta har gaban kaka.

Dalilin da ya sa nake nacewa shi ne gidajenmu cike suke da riƙo. Inna ta ɗauki ɗiyar ƙanwarta tun daga yaye, wata an faɗa mata, wata ana jira sai ta yi hankali. Wata shekara na ara wa ɗalibata littafin da jarumarsa ta gano cewa wadda take kira uwa, yayar mahaifiyarta ce. Ban san ita ma haka take ba. Ta koma gida da tambaya, washegari matar da ta raine ta ta same ni a bakin aji, idonta ya kumbura. "Malama, ni na so in faɗa mata da bakina," in ji ta. Har yau maganar tana min ciwo. Allah Ya rufa asiri suka daidaita, amma na ƙwace wa baiwar Allah ranar da ta shekara goma tana tanadi.

Tun daga nan, in uwa ta tsayar da ni a hanya, kafin in ambaci kowane littafi sai na ja ta gefe na tambaye ta a hankali: "Yaya, akwai maganar da ba ku kai ga faɗa wa yarinyar ba tukuna?"