GARGAƊI: Mai cewa shi dilan data ne ya tafi da N258,500 na guminmu

Assalamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake, saboda haka idan kun ga magana ta yi gaba ta dawo baya ku yi haƙuri da ni. Naira 258,500 wani mutum ya karɓe min da sunan sarin data. Dubu ɗari biyu da hamsin da takwas da ɗari biyar, kuma ba duka nawa ba ne, abin da ya fi cin raina ke nan. Har yanzu wannan mutumin yana nan yana tallata hajarsa a Facebook da WhatsApp da sabon suna, shi ya sa na ce ba zan yi shiru ba.

Kafin wani ya fara ce min kwaɗayi ne ya kai ni, ya tsaya ya ji. Ni ba baƙon waya ba ne. Shagon caji da kati nake da shi a nan Kano, ina sayar da data, ina ɗan taɓa POS, kayana kuma daga kasuwar waya ta Farm Centre nake saro su shekara da shekaru. Na san masu kira su ce daga banki suke a karanto musu lamba. Na san masu turo saƙo wai ka ci gasa. Da bakina nake hana tsofaffin unguwarmu ba da lambar sirrin katinsu. Mutum nawa na ceta daga irin wannan? Wannan bai zo min ta waccan ƙofar ba sam.

Kowa ya san abin da ya faru da sana'ar data tun da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su yi ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Su kamfanonin ma kashi 100 suka nema. Daga watan Fabrairu farashi ya fara tashi, MTN da Airtel da Glo kowa ya fito da sabon tsarinsa, mu 'yan sari muka rasa inda za mu sa kanmu. Giga ɗaya da nake sara ƙasa da N300 a da, sai ga shi ina saransa sama da N600. Kwastoma ya zo ka faɗa masa kuɗi ya dube ka kamar kai ka ƙara. Wani ya ce zai koma wani layin, ya koma ya tarar can ma haka ne, ko kuma da ɗan sauƙi amma babu sabis a unguwarsu. Duk mai wannan sana'a a lokacin neman inda zai samu ragin ko da N50 yake yi. A cikin wannan hali aka sa ni a guruf ɗin mutumin nan.

Kuma wanda ya sa ni ba baƙo ba ne, abokin sana'a ne da muke sallah masallaci ɗaya, shi ma ga shi can yana kuka da tasa asarar. A guruf ɗin mutumin yana sayar da giga ɗaya N380. Na ce ƙarya ne. Wallahi abin da na fara faɗa ke nan, ƙarya ne. Na gwada da N2,000, data ta shiga kafin in ajiye wayar. Na danna *323# a wayar kwastoman da idona na ga ta zauna. Na sa N10,000, ta tafi lafiya. Na sa N25,000, ita ma haka. Makonni ina aiki da shafinsa na intanet da ake zuba kuɗi ana jan data, ko sau ɗaya ba a ce min data ta maƙale ba, in ma ta ɗan yi jinkiri sai kuɗin ya dawo cikin asusuna na shafin nan take. To ku gaya min, wane ɗan kasuwa ne zai gwada abu haka ya ga yana aiki sannan ya ce ba zai ƙara jari ba?

Na tambaye shi, kada ku ɗauka ban tambaya ba. Na ce masa, Alhaji, ta yaya kake bayarwa a wannan farashin alhali kowa ya ƙara? Ya turo min saƙon murya, yana nan a wayata. Ya ce, "Malam, ai kamfanonin nan gasa suke yi a tsakaninsu, kowa tsoro yake kada mutane su gudu zuwa wani layin. Mu manyan diloli akwai kason da ake ware mana a tsohon farashi, ba kowa ake faɗa wa ba." Murya a natse, babu gaggawa, yana magana yana sa sunan Allah. Wannan saƙon na saurare shi ya fi a ƙirga tun da abin ya faru. Ina neman inda muryarsa ta yi rawa, inda zan ce a nan ya kamata mutum ya gane. Babu. Kuma maganar gasa ai gaskiya ce, kowa yana ganin yadda kamfanoni ke ba da garaɓasa don jan mutane, shi ya sa ta zauna min.

Har kiran bidiyo ya yi min. Na manta ban faɗa ba, wannan kafin saƙon muryar ne, ko bayansa, oho, a satin dai ne. Yana zaune a wani ofis, bayansa an liƙa fastocin kamfanonin waya, ga kwamfuta a gabansa, ga wani yaro yana shige da fice. Ya ɗaga takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya nuna min, daga baya ya turo hotonta. Ranar Juma'a shi ne farkon mai turo gaisuwa a guruf. Da mahaifiyata ba ta da lafiya na yi kwana biyu ban saya ba, ya kira ni da kansa ya ce, "Malam, lafiya na ji ka shiru? Ya jikin Hajiya?" Ya jikin Hajiya! Mutumin da ya san zai cuce ni yana tambayar jikin mahaifiyata. Wannan ita ce zamba cikin aminci, kuma ita ce take hana ni barci fiye da kuɗin.

Sai maganar matakin dila ta zo. Wai duk wanda ya zuba N240,000 a asusunsa na shafin lokaci guda za a mayar da shi dila, giga ya koma masa N320, kuma kuɗin nasa ne, data zai riƙa ja da su har su ƙare. Wai gurbi kaɗan ya rage, za a rufe daren Lahadi. A guruf mutane suna ta turo rasit, wannan ya ce alhamdulillah an ɗaga shi, wancan ya ce ya mayar da rabin kuɗinsa. Yanzu na gane yawancinsu layukansa ne ko na yaransa, domin ranar da abin ya fashe duk lambobin nan a kashe suke.

N240,000. Nawa na kaina a ciki N90,000 ne, jarin shago. N100,000 kuɗin adashen matata ne da ta kwasa za ta sayi keken ɗinki, na ce mata ta ba ni wata ɗaya in juya in dawo mata da su da riba. N50,000 kuma na ƙanena ne da yake tara kuɗin makaranta. Ga N18,500 da suka rage min a shafin tun da farko. Ku haɗa, N258,500.

Lokacin da zan tura, sunan da ya fito a asusun ba irin na baya ba ne. Na tsaya. Na kira shi na ce, Alhaji, suna ya canza fa. Ya yi dariya ya ce wancan asusun ya cika iyakarsa ta rana, wannan na akawunsa ne. Ni mai POS ne, na san asusu yana da iyakar abin da zai ɗauka a rana, na sha ganin haka. Magana ce mai ma'ana. Na tsaya, na tambaya, an ba ni amsar da ta yi daidai da abin da na sani, sannan na danna. Ina tsaye bakin shago bayan la'asar, yatsana a kan wayar, har yanzu ina ganin wannan lokacin.

Kuɗin sun bayyana a shafin, har da alamar dila kusa da sunana.  Da safe shafin ya ce ana gyara. Ya rubuta a guruf cewa matsalar daga kamfani ce, a yi haƙuri zuwa azahar. Azahar ta wuce, aka kulle guruf ba mai iya magana sai shi. Ina ce daren ne ya cire hotonsa, ko washegari, na rikice. Abin da na tabbata shi ne ya ƙara turo min saƙo ni kaɗai, wai an riƙe asusun diloli sai kowa ya biya N15,000 na tantancewa kafin a sake shi. Bayan N258,500 yana neman ƙarin N15,000! Na ce masa ya ji tsoron Allah ya dawo min da kuɗin mutane. Daga nan ya toshe ni. Shafin ma yanzu ba ya buɗuwa gaba ɗaya.

Na je ofishin kamfanin layin da ya ce shi dilansu ne. Suka duba suka ce ba su san shi ba, kuma babu wani kaso na tsohon farashi da ake ware wa kowa a ɓoye. Wani da ya fahimci harkar ya yi min bayani cewa da kuɗinmu yake sayen data a farashin kowa ya ba mu a ƙasa da haka, yana ɗaukar ƙaramar asara da gangan har sai manyan kuɗi sun taru. Wato datar da na gwada na ga ta shiga ta gaske ce, tsaba ce aka watsa wa kaji. Lambar rajistar da ke jikin takardar CAC kuwa, da aka bincika a shafin hukumar, sunan wata sana'a daban ta fito da ba ta da alaƙa da waya. Na kai ƙorafi bankina, na cike takarda, an ce in kawo rahoton 'yan sanda, na kai, ana kan bi. Amma an gaya min gaskiya cewa irin waɗannan kuɗin ba sa kwana a asusun da aka tura su.

Matata ba ta ce min komai ba. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi. Ƙanena kuwa cewa ya yi, "Yaya, kada ka damu, Allah zai mayar." Yaron da na girme shi yana rarrashina a kan kuɗin makarantarsa. Allah ya isa tsakanina da wannan mutumin, ban yafe ba, ko naira ɗaya ban yafe ba.

Duk hujjoji suna hannuna: rasit na N240,000, hoton shafin da ragowar N18,500, saƙonnin murya, hoton takardar bogi, da sabon tallan da yake yi yanzu da wani suna amma da fastoci iri ɗaya. Zan ɗora su da zarar na rufe lambobin mutanen da ba ruwansu. Sunansa da lambar asusun ban sa ba tukuna saboda an ce in bari bincike ya yi nisa, kuma mai yiwuwa sunan wani bawan Allah ne aka yi amfani da shi.

Ku dai kada ku tara kuɗi a shafin data na wanda ba ku san shagonsa da ƙafarku ba. In sunan asusu ya canza, ku fasa. Wanda ya ce shi dilan kamfani ne, ku je ofishin kamfanin ku tambaya kafin ku tura ko sisi.

Wanda ya san yana cikin wancan guruf ɗin na giga N380, ko shi ma an karɓe masa N240,000 na dila, ya yi min magana ta akwatin saƙo. Mun fara haɗa sunaye da rasit, so muke mu kai ƙara ofishin EFCC na Kano gaba ɗayanmu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.