Gidan wasan Noh na ƙasa a Tokyo: ina za ka zauna idan Shunkan za ka kalla?

Noh tsohon wasan kwaikwayo ne na Japan da ake yi da rera baiti, Shunkan kuma ɗaya ne daga wasanninsa. Gidan yana unguwar Sendagaya, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga tashar jirgin ƙasa. An buɗe shi a 1983, kuma kujerunsa 600 ne da 'yan kai. Babbar fa'idarsa ga baƙo ita ce ɗan allon da ke bayan kujerar gabanka, mai nuna baitin da ake rerawa da Japananci ko Turanci. Kada a raina shi, don harshen Noh tsoho ne, ko Japanawa ba kowa ke kama shi da kunne ba.

Inda ake yin kuskure shi ne wajen sayen tikiti. Kujerun kashi uku ne: shomen a gaba, waki-shomen a gefe, sai naka-shomen a kusurwa, wanda ya fi araha. Arhar tana da dalili. Ginshiƙin da ake kira metsuke-bashira yana tsaye tsakaninka da tsakiyar dandali, kuma ba ya ciruwa a wasa, domin ramukan idon fuskar katakon da jarumi ke ɗaurawa ƙanana ne, da ginshiƙin yake gane bakin dandali.

A wasan Shunkan wannan asara ce babba. Shunkan malamin addinin Buddha ne da Taira no Kiyomori, mai riƙe da iko a Japan a lokacin, ya kora zuwa tsibirin Kikaigashima a 1177, shi da Naritsune da Yasuyori, bisa ƙulla wa Kiyomori makirci. Da afuwa ta zo, sunaye biyu ne kawai a takardar. Shunkan ya karɓa, ya karanta, ya sake karantawa, ya juya bayanta ko an rubuta nasa a can. Ba rawa a wasan, ba hayaniya. Nauyinsa duk yana cikin wannan juya takarda da ɗan sunkuyar da fuska, wanda ke sa katako ya yi kamar zai zubar da hawaye. Idan ginshiƙi ya tare maka wannan, kuɗinka ya tafi a banza.

Idan aljihu bai kai shomen ba, ɗauki waki-shomen. Kana dab da hashigakari, gadar shiga da fita, kuma ta nan jirgin ruwan da ya ɗauki sauran biyun ke tafiya ya bar Shunkan, bayan an tsinke igiyar jirgin da ya riƙe. Karanta labarin tun a gida, don a wannan lokacin idonka ya bar allo ya tsaya kan hannunsa.