Doguwar sifikar talabijin: abin dubawa kafin ka biya kuɗi a kasuwar Garwa

Kafin ka tafi kasuwa neman doguwar sifikar nan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin talabijin, wadda masu shago ke kira barre de son, juya talabijin ɗinka ka ɗauki hoton bayansa da waya, yadda rubutun da ke jikin kowace kafa zai fito sarai. Hoton nan ya fi duk zaƙin bakin mai shago amfani. Yawancin koke-koken da ake yi bayan saye, sauti ya ƙi fita, baki ya riga magana, ƙugi kamar na injin niƙa a ƙasan murya, tun a shago aka sayo su tare da sifikar. Sifika lafiyarta lau, talabijin ma lafiya lau, kafar da za su haɗu ce babu.

Abu na farko da za ka nema a hoton shi ne kafar HDMI, wato ramin kebul mai ɗaukar hoto da sauti tare, da aka rubuta ARC a gefenta. Talabijin na iya samun kafar HDMI biyu ko uku, amma ɗaya tak ce ke mayar da sauti waje, sauran duk karɓa suke yi. Tsarin ARC ya zo ne da HDMI 1.4 a 2009, don haka tsofaffin talabijin da yawa ba su da shi, haka ma wasu sababbi masu araha. In naka yana da shi, to ka huta, ka nemi sifika mai ARC ita ma. Kebul guda ya wadatar, rimot ɗin talabijin zai riƙa ƙara sauti da ragewa, in ka kashe talabijin sifikar ta mutu tare da shi. A gidan da yara da tsofaffi ke kallo, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin rimot na biyu shi ne ke fara ɓata.

Sai dai ARC ba ya aiki sai an kunna wani saiti mai suna CEC, wanda ke sa talabijin da sifika su fahimci juna, kuma kowane kamfani da sunan da ya laƙaba masa. Samsung na kiransa Anynet+, LG na kiransa SimpLink, na Sony Bravia Sync, na Philips EasyLink. Mutum zai jona komai daidai, ya ji shiru, ya kinkimi sifika ya koma shago da faɗa, alhali saitin nan ne a kashe. In ka kunna shi kuma sauti bai zo ba, cire filogin talabijin da na sifika daga bango, ka jira kamar minti ɗaya, ka mayar. Bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, na'urorin biyu kan mance juna, kuma wannan cirewar ce ke sa su sake gaisawa. Za ka ga wasu kwalaye da eARC, wanda ya zo da HDMI 2.1 a 2017. Ya fi ARC ɗaukar sauti mai nauyi, amma in abin da kake kallo daga dikoda yake zuwa, ba za ka ji bambancin da ya kai ƙarin kuɗin ba.

In babu ARC, duba wata 'yar kafa mai kusurwa huɗu da ɗan murfi, an rubuta Optical ko Digital Audio Out. Kamfanin Toshiba ne ya ƙirƙiro ta tun 1983, kuma har yau tana cikin hanyoyin da ba sa ba da wahala, tun da haske ne ke bi ta cikin kebul ɗin, ba lantarki ba, saboda haka ƙugi ba ya biyo shi. Aibinta shi ne sau da yawa sai ka riƙe rimot biyu. Akwai wani ɗan abu da ke kayar da mutane a nan. Sabon kebul na zuwa da 'yar hular roba mai haske a kan kowane baki, ƙarama ƙwarai, har ido kan tsallake ta. Ba a cire ba, a yi ta tura kebul yana faɗowa, wani lokaci har a karya murfin kafar. Cire hular, ka jona ɓangare ɗaya a talabijin, ka dubi ɗaya bakin daga gefe: in jan haske ya fito, talabijin na aikawa. Tura shi a sifika har ka ji ƙas. Kada ka lanƙwasa kebul ɗin sosai, kuma a lokacin hunturu ka riƙa hure ƙurar da ke taruwa a kafar.

Ko ta ARC ka bi ko ta kebul ɗin haske, riƙe haruffa uku: PCM, wato tsarin sauti mai sauƙi da sifika ke ganewa kai tsaye. Wata tasha ta yi magana, ka canza zuwa wata ka ji tsit ko ƙara mai tsaga kunne, kusan kullum dalilin shi ne an aiko da sauti a tsarin Dolby ko DTS, sifikar kuwa ba ta iya warware shi. Shiga saitin sauti na talabijin, wanda a Faransanci yakan fito da sunan Sortie audio numérique, ka mayar da shi PCM. In dikodar tana da irin saitin, ita ma ka mayar. Sifika mai araha da yawa PCM kaɗai take fahimta, kuma wannan ba laifi ba ne muddin ka sani.

Matsalar ta fi tsanani ga mai talabijin ɗin da ba shi da ko ɗaya cikin biyun, kuma irinsu suna da yawa a gidajenmu. Wani kafar abin sawa a kunne kaɗai gare shi, wani kuma kafa ɗaya zagayayya da aka rubuta Coaxial. Mai kafar kunne ya tabbatar sifikar tana da AUX, kafar da ke karɓar kebul irin na abin sawa a kunne, wadda wasu manyan kamfanoni suka daina sawa a sababbin samfuransu. Wato sifika mai tsada na iya zama ba ta da amfani a gidanka, mai rabin kuɗinta ta yi aiki. Mai Coaxial ya nemi sifika mai irin kafar, ko ya sayi ɗan akwatin da ke juya ta zuwa kebul ɗin haske. Kada jan rami da farin rami da ke bayan talabijin su ruɗe ka, a mafi yawan talabijin na shigar da sauti ne, ba na fitarwa ba. Akwai wata dabara kuma: ɗauko sautin kai tsaye daga bayan dikoda, in tana da mafitarsa. Tana aiki, amma abin da ke cikin dikodar kaɗai za ka ji, fim ɗin da ka sa a filashi a jikin talabijin ba zai bi ta sifikar ba.

Mai shago zai ce, “Alhaji, ai tana da Bluetooth, ba ka buƙatar kebul.” Don jin karatu ko waƙa daga waya, gaskiyarsa. Don kallo kuwa ban ba ka shawara ba. Sautin Bluetooth yakan makara, ka ga ɗan wasa ya buga ƙwallo sannan ƙarar ta biyo, ko bakin mai labarai ya rufe murya na ci gaba. Saitin daidaita baki da murya da ke cikin sifika jinkirta sauti yake yi, ba ya gaggauta shi, don haka yana magani ne in sauti ya riga hoto. Ga kuma wayar yaron gida da ta taɓa haɗuwa da sifikar, da ya shigo falo sai ta ƙwace ta. Talabijin da yawa ma ba sa aika sauti ta Bluetooth sam.

To wace iri za ka ɗauka? Lambobin da ke jikin kwali, 2.0 ko 2.1 ko 3.1 ko 5.1, lissafi ne mai sauƙi. Lambar farko yawan hanyoyin sauti, ta biyu kuma wufa, akwatin nan mai fitar da gangar ƙasa. Mai 2.0 sanda ce kawai, ta ishi ɗakin kwana ko ɗan shago. Mai 2.1 ta ƙara wufa. Mai 3.1 tana da sifika ta uku a tsakiya wadda aikinta murya, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi tunani. Me ake kallo a gidanka? Labarai, tafsiri a watan azumi, fina-finan Kano, sharhin wasan Coton Sport ko na ƙungiyar ƙasa. Duk magana ce. Siririn talabijin na zamani sifikunsa ƙanana ne, ƙasa ko baya suke fuskanta, shi ya sa in fanka na juyawa a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, dattijo ba ya jin abin da malami ke faɗa ko an ƙure sauti. Wufa ba ta gyara wannan, takan ma binne muryar. A falo mai tayil da rufin kwano, inda sauti ke amsa kuwwa, ganga mai yawa damewa take yi. In kuɗinka ya kai, 3.1 ce zaɓina. In bai kai ba, ɗauki 2.1 mai maɓallin fito da murya, wanda akan rubuta wa Voice ko News, kuma wadda za ka iya rage wufarta daban.

Masu 5.1 da masu tambarin Dolby Atmos na mai ɗakin kallo ne da intanet mai ƙarfi. Da yawansu jefa sauti suke yi a bango da silin ya dawo kunnenka, mu kuwa da zafi ya matsa tsakar gida muke fitar da talabijin, inda babu bango kusa balle silin.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da abokiyar gasarta, wato akwatin wufa mai ƙananan sifiku biyu, mai rediyo da kafar filashi da ta memori. Ta fi araha, ta fi ƙara, masu gyara a unguwa sun san cikinta. In buƙatarka sauti ya cika tsakar gida ranar suna, ita ce. Amma da wuya ka same ta da ARC, muryarta ba ta kai ta doguwar sifika mai kyau tsabta ba, kuma ta AUX take haɗuwa, inda ƙugi ke samun hanyar shiga. Lambar wat ɗin da ke jikin kwalinta ma kada ta ɗauke maka hankali. In ka ga dubbai tare da haruffan PMPO, ado ne na talla. Lambar da ke gefen RMS ita ce ta gaskiya, kuma 'yan gomomi zuwa ɗari da 'yan kai sun ishi falo.

Wufa mai kebul ko marar kebul? Marar kebul ta fi kyan gani, amma ita ma sai an jona ta a wuta, kuma takan rabu da sandar, ka ga fitilar bayanta na ƙiftawa babu ganga. Akwai ɗan maɓalli a bayanta da ake dannewa a sake haɗa su, ka sa mai shago ya nuna maka shi. Na'urar Wi-Fi in tana kusa takan sa ta yanke-yanke. Mai kebul ba ta da wannan rigimar, kuma soket ɗaya take ci. A gidan da wuta ke zuwa tana tafiya, ni mai kebul zan ɗauka.

Batun wuta kuwa ya isa ya canza zaɓinka gaba ɗaya. Lantarkin arewacin Kamaru ya dogara ƙwarai da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, in ruwa ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta, kuma dawowarta da ƙarfi ita ke ƙona kaya. Duba yadda sifikar ke shan wuta. Wadda ke da adafta a waje, irin ta kwamfutar hannu, in wuta ta yi ɓarna adaftar ce takan tafi, ka sayi wata mai lamba ɗaya da ita. Wadda nata ke ciki sai an buɗe ta. Karanta jikin adaftar, in an rubuta 100–240V za ta jure hawa da saukar wuta fiye da wadda aka rubuta 220V kaɗai. Sa kuɗin sitabilaiza cikin lissafinka tun farko. Mai sola ya sani cewa inbata mai araha kan sa sifika ƙugi ko da komai lafiya, don haka ya gwada ta a kan inbatarsa kafin ya zargi mai shago. Kayan da suka shigo ta Mubi ko Yola sukan zo da filogi mai ƙafa uku masu faɗi, soket ɗinmu kuwa mai zagayayyen rami ne. 'Yar mahaɗar da ake sawa a tsakani in tana rawa, sifika za ta yi ta mutuwa tana tashi, gara a canza kan filogin baki ɗaya. Amma in sifika ta kashe kanta bayan an ɗan jima babu sauti, wannan ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera da yawansu don tsimin wuta.

Na hannu da ake kawowa daga Turai na iya fin sabuwa marar suna inganci, da sharaɗi uku. Wufa marar kebul da sandarta su zama 'yan gida ɗaya, domin ta wani samfurin ba za ta haɗu ba ko kamfaninsu ɗaya ne a mafi yawan lokuta. Rimot na asali ya kasance, tun da wasu saituna ba a kai gare su sai da shi. Sannan a duba lambar wuta, kayan Amurka da yawa na 120V ne kaɗai, in ka jona irinsu kai tsaye a nan hayaƙi za ka gani.

Kada ka yi cinikin biri a sama, musamman in daga Gidar ko Fitowa ka zo, ko ka tsallako daga Injamena zuwa Kusiri, inda mayar da kaya ke da wahala. Mai shago zai sa maka waƙa mai ganga ta Bluetooth ya ƙure sauti, kowace sifika tana burgewa a haka. Ce masa, “Malam, jona mini ita a talabijin ta irin kafar da ke hoton nan.” A sa tashar labarai, a rage sautin zuwa yadda za ka ji da dare yara na barci, ka ja baya taku huɗu ka ji ko kalmomi na fita ɗaya bayan ɗaya. A tsayar da sautin ka kara kunne a jikinta ko akwai ƙugi. A kashe talabijin a kunna, ka ga ko za ta dawo da kanta. Auna tsayinta kuma, domin in ta yi tudu za ta tare idon rimot da ke ƙasan talabijin. In duk ta wuce, a rubuta maka rasit mai lambar samfurin da yawan kwanakin da za ka iya dawo da ita, sannan ka buɗe kwalin a gabansa ka ƙirga rimot da adafta da kebul, domin ba kowane kamfani ke sa kebul ɗin HDMI a ciki ba.