Sharhi kan haɗa kiran waya ta waifai a gidan ƙauye

A garinmu, wanda ke tsakanin Gumel da Maigatari, sabis ɗin waya yana nan, amma ba ya sauka inda mutane suke zaune. Wanda ya hau tudun bayan makaranta ko ya tsaya a bakin titi zai samu layi ya yi maganarsa, wanda kuma ya shiga ɗakin ƙasa mai rufin kwano sai wayarsa ta koma agogo da tocila kawai. Tun daga 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya har zuwa yau, rabonmu shi ne ƙarfen sabis na garin da ke gaba da mu, kuma abin da yake iso mana ragowa ce. Wannan ne ya sa na sayi na'urar rauta, wato wadda take karɓar intanet ta layin waya ta watsa shi cikin gida ta waifai, na haɗa ta da eriya, domin mutanen gida su riƙa kira ta intanet daga cikin ɗakunansu. Mun yi amfani da ita a cikin zafin bazara da ruwan damina da ƙurar hunturu, saboda haka ina ganin na isa in faɗi abin da ta iya da abin da ta kasa.

Kayan da na haɗo daga kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano su ne rauta mai 4G wadda ake sa wa sim, da eriya irin wadda ake fuskantar da ita waje ɗaya, da kebul ɗinta, da ƙaramin batir da faifan sola. Jimillar kuɗinsu ta kusa kuɗin babbar waya matsakaiciya. Layin da za a sa a cikin rautar dole ne ya kasance an yi masa rajista kuma an haɗa shi da lambar NIN, kamar yadda doka ta tanada tun ƙarshen 2020, don haka na ware masa sim na musamman da sunana maimakon in cire na wayata.

Aikin ɗaura eriyar shi ne ginshiƙin komai, kuma a nan ne ya kamata mutum ya ba da lokacinsa. Wani matashi ɗan unguwarmu da ya koyi gyaran waya shi ya hau, ni kuma na tsaya a ƙasa riƙe da waya, na buɗe shafin saitin rautar inda ake ganin ƙarfin sigina a rubuce. Ya kafa bututun ƙarfe a jikin katangar soro, ya ɗaure shi da wayoyi ta ɓangare uku saboda iskar farkon damina, sannan ya riƙa juya kan eriyar sannu a hankali yana tambaya: "Kawu, ya ƙaru ko ya ragu?" Abin da ya ba ni mamaki shi ne juyawar da ba ta wuce faɗin tafin hannu ba tana iya kai sigina daga sanda ɗaya zuwa uku, kuma wurin da ya fi kyau bai zama daidai saitin garin da ƙarfen yake ba, domin akwai jerin dogon yaro da wata kuka da suke tare hanyar. Ya kuma hana ni sayen dogon kebul domin in kai rautar tsakiyar gida, ya ce duk tsawon da aka ƙara wa kebul ɗin eriya, sigina ne ake zubarwa a hanya. Gaskiyarsa ce. Rautar ta zauna a soro kusa da gindin bututun, a kan katako da aka kafa sama da tsayin mutum.

Daga soro zuwa cikin gida kuma wani lissafi ne daban. Rautar tana watsa waifai a zango biyu, na 2.4 da na 5, kuma masu sayarwa sun fi yabon na 5 saboda ya fi sauri. A gidan ƙasa wannan yabon ba shi da amfani, domin na 5 ba ya ratsa katanga mai kauri, da an shiga ɗaki na biyu ya ɓace. Na 2.4 ne ya iya tsallake tsakar gida ya shiga ɗakin mahaifiyarmu, shi ma sai da muka lura cewa ta ƙofa da taga yake shiga, don haka aka matsar da kujerarta kusa da ƙofa. Kafin kowa ya hau, mun canja sunan waifai ɗin da kalmar sirrin da aka buga a bayan na'urar, muka canja kalmar sirrin shiga shafin saitin ita ma, domin wadda ake sayar da rauta da ita kusan kowane mai gyaran waya ya san ta.

Akwai abin da ya kamata mai saye ya fahimta tun kafin ya fitar da kuɗinsa, wato kira ta waifai iri biyu ne, kuma mutane da yawa suna haɗa su wuri ɗaya. Na farko shi ne kira ta manhaja kamar WhatsApp, wadda ta fara kiran murya a 2015 da na bidiyo a 2016. Wannan ba ya neman sabis a wayar mai kira ko kaɗan, data kawai yake ci, amma dole wanda ake kira shi ma ya kasance yana da babbar waya da manhajar da data a buɗe. Na biyu shi ne wanda kamfanin layi da kansa yake bayarwa, inda mutum zai danna lamba kamar kullum, kiran ya bi ta waifai ya isa kamfanin, a cire kuɗi daga katinsa, kuma zai iya samun kowace lamba har da ta mai ƙaramar waya. Wannan na biyun shi ne ainihin abin da ƙauye yake buƙata, sai dai ba ya aiki sai kamfanin ya buɗe shi kuma samfurin wayar yana cikin waɗanda ya amince da su. A gidanmu maɓallin ya bayyana a saitin kira na waya ɗaya tak, mun kunna shi, amma layin bai karɓa ba, sauran wayoyin kuwa ko maɓallin ba su da shi. Saboda haka duk yabon da zan yi a nan na kira ta manhaja ne.

Kuma yabon ya cancanta. Muryar tana fita tas, ta fi ta kiran da muke yi a kan tudu inda iska take kaɗa magana, har mahaifiyarmu, wadda jinta ya fara raguwa, ta daina cewa a maimaita mata. Na fahimci cewa kiran murya ba gudun intanet yake nema ba, daidaito yake nema, domin maganar minti ɗaya ba ta cin ko megabait ɗaya, musamman idan an kunna zaɓin rage cin data lokacin kira da ke cikin saitin WhatsApp. Abin da yake ɓata kira shi ne jinkiri da yankewa. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin isar murya daga mai magana zuwa mai sauraro ya wuce kashi 150 cikin 1000 na daƙiƙa idan ana son hira ta tafi yadda ya kamata, kuma da zarar ya yi nisa da haka sai a ji mutane biyu suna cin karo, kowa ya fara gaisuwa a lokaci ɗaya, kowa ya yi shiru a lokaci ɗaya. Da safe da rana ba mu ganin wannan. Bayan isha'i ne yake bayyana, lokacin da jama'ar garuruwan da ke kewaye duk suka hau ƙarfen sabis ɗaya, kuma a wannan lokacin kiran bidiyo ba ya yiwuwa sai dai a koma murya zalla.

Ta fuskar kuɗi, inda na fi ganin amfanin abin shi ne kiran ƙetare. Mu mutanen bakin iyaka ne, danginmu rabi suna Dungas da Magarya da Damagaram, kuma kiran lambar Nijar da kati yana lashe kuɗi kafin a gama tambayar lafiyar yara. Ta manhaja kuwa babu bambanci tsakanin Damagaram da Dutse, ko Legas da Fatakwal inda samarinmu suke zuwa ci-rani. Bayan da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, data ma ta yi tsada, amma har yanzu sayen babban kunshi ɗaya na wata ga gida gaba ɗaya ya fi sauƙi a kan kowa ya riƙa sayen kati ɗari biyu ɗari biyu.

Sai dai wannan sauƙin yana da sharaɗi, kuma wanda bai kiyaye shi ba zai zargi kamfani da satar data alhali wayoyin gidansa ne suke sha. Babbar waya tana ɗaukar kowane waifai a matsayin kyauta marar iyaka, da ta hau sai ta fara sabunta manhajojinta, ta sauke duk hotuna da bidiyon da aka turo a zaurukan WhatsApp, ta kuma tura nata hotunan ma'ajiyar intanet, duk ba tare da mai ita ya taɓa komai ba. Dole ne a bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya a kashe sabuntawa da saukewa ta atomatik, a kuma nuna wa kowace waya cewa wannan waifai ɗin na awo ne, wato datarsa tana da iyaka. Haka nan idan yaro ɗaya yana kallon TikTok a soro, kiran da babarsa take yi a ɗaki zai fara sarƙewa, domin hanya ɗaya suke bi. Rautarmu tana da wurin ƙayyade gudun kowace waya, kuma ina ba duk mai saye shawarar ya tabbatar tasa tana da shi.

Batun maƙwabta ya fi duk wannan nauyi a wurina. Ba zai yiwu a ƙauye mutum ya kafa eriya da kowa yake gani sannan ya hana matar maƙwabcinsa kiran ɗanta da ke Kudu ba, wannan ba halinmu ba ne kuma haƙƙin maƙwabtaka bai yarda da shi ba. Amma kalmar sirri idan ta fita ba ta tsayawa, domin wayoyin yanzu suna iya nuna ta a hoto wani ya ɗauka da kyamara, kafin a ankara samarin unguwa sun cika dakalin ƙofar gida. Mafitar da muka samu ita ce buɗe waifai na biyu na baƙi, mai ƙaramin gudu da ya ishi kira amma bai ishi kallo ba, muna canja kalmarsa lokaci zuwa lokaci. Da wannan aka zauna lafiya, babu wanda aka kora kuma babu wanda ya cutu.

Wutar da rauta take ci kaɗan ce, kuma tana aiki da bolt 12, don haka an jona ta kai tsaye da batir ba tare da inbata ba, tana kwana a kunne. A hunturu sai an riƙa goge faifan sola saboda ƙura tana rage masa caji. A bazara zafin kwano yana sa ta ɗauki zafi ta riƙa kashe kanta da azahar, har sai da aka sauko da ita nesa da rufin aka bar mata iska. Idan hadari ya haɗo ana tsawa, muna cire kebul ɗin eriya, domin bututun ƙarfe da ya fi komai tsawo a gida ba abin wasa ba ne.

Amfanin da ba a rubuta shi a jikin kwali ba, matan gida da tsofaffi ne suka same shi. A da matar aure ba ta iya fita tudu don ta kira iyayenta, sai dai ta ba yaro saƙo ko ta jira maigida ya dawo da labari, kuma maganar da ke tsakanin uwa da 'yarta ba kowace ake ba ɗan aike ba. Yanzu tana zaune a kan tabarmarta ta yi maganarta a sirrance. Ranar da aka fara haɗa mahaifiyarmu da ƙanwarta ta Magarya ta bidiyo, ta riƙe wayar da hannu biyu nesa da fuskarta, ta daɗe tana kallo kafin ta ce: "Ke Ƙarama, ashe kin yi furfura haka?" Wannan kaɗai ya biya ni kuɗin da na kashe.

Duk da haka kada wani ya jefar da layinsa. Lambobin banki da ake dannawa da tauraro, da saƙon lambar tabbatarwa da banki yake turowa, da lambar gaggawa ta 112, ba sa bi ta kiran manhaja, sabis na sim suke nema. Ita kanta WhatsApp sai an samu sabis ake karɓar lambobi shida na buɗe ta, don haka sabuwar waya sai an kai ta tudu tukuna. Waɗannan lambobi shida kuwa ba a karanta wa kowa su, ko da mai kiran ya ce daga ƙungiyar manoma yake, kuma ya kamata a sa wa WhatsApp ɗin kowace waya lambar tsaro ta mataki na biyu. Dillalan riɗi da zoɓo da nake hulɗa da su a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis mafi yawansu ƙaramar waya suke riƙewa, kuma idan suka kira lambata ina cikin ɗaki ba za su same ni ba, domin rautar ba ta ƙara wa sim ɗin wayata sabis ko ɗigo. Wannan shi ne babban giɓin da ya rage, kuma ba zai toshe ba sai kamfanonin layi sun buɗe kira ta waifai ga wayoyin Android masu araha da talaka yake iya saye.

Wanda yake tunanin saye ya fara da gwajin da ba ya cin ko kobo: ya sa yaro ya hau rufin soro ko wani wuri mai tsayi da babbar waya, ya gwada layukan kamfanoni daban-daban, da rana da kuma bayan isha'i, ya ga ko alamar 4G tana fitowa ta zauna. Idan ta fito ko da sanda ɗaya ce, eriya za ta ƙarfafa ta, kuma layin da ya fi zama shi za a sa a rautar, wanda hakan ke nufin a nemi rauta da ba a kulle ta ga kamfani ɗaya ba. Idan kuwa babu komai a sama, eriya ba ta ƙirƙirar sigina, sai dai a duba intanet na tauraron ɗan'adam irin Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a farkon 2023, amma kuɗin kayansa da na wata-wata sun fi ƙarfin gida ɗaya a ƙauye, sai dai makaranta ko asibiti ko ƙungiyar 'yan kasuwa su yi karo-karo su raba.