Days Gone: wasan da masu sharhi suka yi wa rowar maki

Wasan bidiyo na Days Gone ya fito a na'urar PlayStation 4 (PS4) a watan Afrilun 2019, daga kamfanin Bend Studio na Sony da ke jihar Oregon a Amurka. Shafin Metacritic, mai tattara makin masu sharhi ya fitar da matsakaici, ya tsayar da shi a kan 71 cikin 100. A cikin kafofin sharhin wasanni, IGN ta ba shi 6.5 cikin 10, GameSpot ta ba shi 5. Wanda ba ya harkar gem zai ce ai 71 cin jarrabawa ne, amma babban wasan Sony da ya gaza kai 80 kallon faɗaɗɗe ake yi masa. Na buga shi har ƙarshe da faifai na hannu, bayan na sauke duk gyare-gyaren da aka yi masa, kuma a ganina ba a yi masa adalci ba.

Kai ne Deacon St. John, ɗan ƙungiyar masu babur, shekara 2 bayan wata annoba ta mayar da mutane wasu halittu da ake kira Freakers. Yana yawo a dazukan Oregon da amininsa Boozer, zuciyarsa ta ƙi yarda matarsa Sarah ta mutu. Labarin ke nan a taƙaice. Abin da ya riƙe ni shi ne babur ɗin. Yana shan mai, yana lalacewa, sai ka tsinto tarkacen ƙarfe daga matattun motoci ka gyara shi. Ko tsallakawa zuwa wani wuri a taswira ka zaɓa, sai an cire maka mai. Duk wanda mai ya taɓa yanke masa a hanya da magariba, ya tura babur yana waige-waige, zai gane irin faɗuwar gaban da wannan wasa ke sa mutum. Idan ka hango gangara, sai ka saki totur ka bar shi ya gangara don tankin ya kai ka sansani.

Sannan ga gungun Freakers, wanda shi ne ƙashin bayan wasan. Da rana suna kwance a kogo ko a cikin taragon jirgin ƙasa, da dare su fito kiwo da shan ruwa, kuma kowane gungu da hanyarsa. Mafi girma yana wata tsohuwar masana'antar yanka katako, sun kai wajen 500. Ba a shiga wurin da ƙarfin bindiga kawai. Sai ka zagaya tukuna ka ga inda lungu ya tsuke, ka dasa tarko a bakin ƙofa, ka lura da tulin gungumen da za ka iya sako musu, ka ajiye babur yana fuskantar hanyar gudu. Da ka jefa kwalbar wuta ta farko, sai ka ji ihunsu ya tashi gaba ɗaya, suna kwararowa ta taga da saman rufi, suna hawa kan juna. Wallahi hannuna gumi yake yi a kan fad, abin sarrafa wasan. Ban ga wani wasan PS4 da ya yi irin wannan ba.

Akwai inda masu suka suka yi gaskiya. Farkon wasan yana jan ƙafa, sai an yi nisa ake samun makaman da za a tunkari manyan gungu, kuma wasu ayyukan maimaici ne: ƙona sheƙar Freakers, kakkaɓe sansanin 'yan fashi, a sake. An kuma ruwaito cewa kwafin da aka ba masu sharhi yana cijewa, sauti na ɗaukewa. To, a rage masa maki. Damuwata ita ce wannan mudun ba da shi ake auna wa kowa ba.

Wasan Skyrim ya fito a 2011 cike da tangarɗa. A PS3, da zarar ajiyar wasanka ta yi nauyi sai ya riƙa tafiyar hawainiya, amma ya samu 92 a wannan na'ura, 96 a Xbox 360. Aka mayar da matsalolinsa abin dariya da ƙauna. Far Cry 5 na 2018 shi ma kakkaɓe sansani ne bayan sansani, ya haura 80 a PS4. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne Cyberpunk 2077 a Disambar 2020. Kwafin kwamfuta kaɗai aka ba masu sharhi kafin fitowa, aka kuma hana su nuna bidiyon da suka ɗauka da kansu. Da yawansu sun ambaci tangarɗar a rubuce, amma suka zuba 9 cikin 10, makin Metacritic ya buɗe da wajen 90. Mutum miliyan 8 sun riga sun biya kuɗi kafin ranar. Ba a yi kwana goma ba Sony ta cire shi daga shagonta na intanet tana mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo ba sai Yunin 2021. IGN ta dawo ta ba kwafin PS4 da Xbox One 4 cikin 10, na PS4 ya tsaya a 57 a Metacritic, amma bayan aikin gama ya gama.

Na san za a ce ba mutum ɗaya ke rubuta sharhin nan duka ba, kowa da ra'ayinsa. Haka ne. Sai dai sunan kafar guda ake liƙa wa makin, kuma mai saye lamba yake gani, ba sunan marubuci ba. Abin da na lura shi ne wasan da ya zo da tsohon suna da dogon talla ana cewa za a gyara shi nan gaba, sabon suna kuwa a yanke masa hukunci a kan halin da yake ranar farko. Metacritic kuma ba ta canza makin farko ko da an gyara wasa daga baya.

Kuma lambar nan tana taɓa abincin mutane. Masu aikin Fallout: New Vegas a kamfanin Obsidian sun rasa ƙarin kuɗin da aka yi musu alkawari saboda wasan ya samu 84 maimakon 85 a Metacritic. A 2021 kafar labarai ta Bloomberg ta ruwaito cewa Sony ta ƙi amincewa da kashi na biyu na Days Gone, alhali labarin ya ƙare da ƙofa a buɗe. A shekarar ne ya fito a kwamfuta, 'yan wasa a Steam, shagon wasannin kwamfuta na intanet, suka yi ta yabonsa, har aka sake sabunta shi don PS5 a 2025.

Ni 8 cikin 10 na ba shi. In za ka saya na PS4, ka tanadi data ka sauke sabuntawar kafin ka fara, ka fara kashe kuɗin sansani a kan babban tankin mai, kuma ka yi haƙuri har ka isa sansanin Lost Lake na Iron Mike. Daga nan labarin yake kankama.