Sitatus ɗin WhatsApp ko TikTok, wanne zai kawo ciniki bai hana ki barci ba

Salamu alaikum 'yan uwa. 'Yar uwarmu mai turaren wuta da humra da ta yi tambaya shekaranjiya, wai ta tsaya a sitatus ne ko ta koma TikTok tunda ta ga kowa can ya nufa, kuma ta ce waya ta hana ta sakat har maigida ya fara magana, to ga tawa amsar. Ni atamfa da leshi nake sarowa a Kantin Kwari ina saidawa daga gida, duka biyun na taɓa, kowanne na san ɗacinsa.

Hajiya ki fara sanin ba aiki ɗaya suke yi ba. Sitatus dillaliya ce mai shiga gida-gida, inda aka san ta kawai take sallama. Ba mai ganin sitatus ɗinki sai wadda ta ajiye lambarki ke ma kika ajiye tata, in ɗaya ta rasa shikenan, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Shi kuwa TikTok kasa kaya ne a bakin titi, ko mabiyanki goma ne zai iya ɗaukar bidiyonki ya kai wa wata a Maraɗi, wata a Kumasi, wata a Jidda, waɗanda ba su taɓa jin sunanki ba.

Wajen kuɗi, gaskiya sitatus ya fi saurin faɗa wa aljihu. Mai kallonki ta san ki, ko ƙawar biki ce ko 'yar ajinku a islamiyya ko matar abokin maigida, ba ta tsoron za ki cinye mata kuɗi, tana cewa nawa ne kina faɗa sai ki ga alat. Amma fa sanin nan shi ne kuma ciwon, don daga nan bashi yake shigowa, kawo kwalba biyu zan turo ƙarshen wata, ki ji kunyar tambaya, ƙarshen wata uku ya wuce ita kuma tana ɗora hoton sabon ɗinki a nata sitatus ɗin kina gani. Sannan idanun nan dai su ne kullum, ba sa ƙaruwa sai kin ƙara lambobi, in kuma kika cika zuba hoto arba'in a rana har saman waya ya koma kamar ɗinkin tela, a hankali za su rufe ki su daina buɗewa, ke ba za ki ma sani ba.

TikTok akwai jama'a, wannan ba musu. Sai dai jama'a daban mai saye daban. Bidiyo zai tashi ki ga kwament sun cika, nawa nawa nawa, ina kike, alhali kin rubuta kuɗin da garin a jikin bidiyon, ki zauna ki amsa ɗaya bayan ɗaya har yatsa ya gaji, ƙarshe mutum uku su biyo ki WhatsApp, ɗaya ta saya. To amma ɗayar nan baƙuwa ce, kuɗi hannu take biya, ba ta da fuskar neman bashi, kuma sau da yawa irinsu ne masu sari. Abin lura da baƙi shi ne alat na bogi, kar ki saki kaya don an turo miki hoton rasit, ki buɗe OPay ko Moniepoint ɗinki ko bankinki da kanki ki ga kuɗin sun zauna tukuna ki kai wa direba a tasha.

Ke kuma sana'arki tana da wani abu da tawa ba ta da shi. Ni atamfa ido ke saye, ke hanci ke saye, ƙamshi kuwa ba ya ratsa waya. Mutanen sitatus da yawa sun taɓa shaƙar turarenki a jikinki ko a ɗakinki, su hoto tuni ne kawai. Baƙuwar TikTok ba ta shaƙa ba, to hoton kwalba a jere ba zai yi mata komai ba, sai ki nuna mata aikin, yadda kike jiƙa itacen, hawi ne ko sandal ko kajiji, yadda sukari ke narkewa a tukunya, hayaƙi yana tashi daga kasko. Ba sai kin nuna fuska ba, hannu da murya sun isa, wannan ma zai rage miki magana da maigida ya kuma rage miki 'yan iskan kwament, don wlh can akwai marasa tarbiyya.

Yanzu maganar lokaci, wadda ni a ganina ita ce ainihin tambayarki. Duka biyun ɓarayi ne amma satar ta bambanta. WhatsApp kaɗan-kaɗan yake yagar ranarki, kina tuƙa tuwo waya ta yi ƙara, kina wa yaro aikin makaranta ta yi ƙara, kin kwanta ta yi ƙara. TikTok dunƙule yake ɗauka, neman haske, ɗauka, sake ɗauka don yaro ya yi kuka a baya, yankewa, sannan babbar masifar, kin shiga ki ɗora naki sai ki tsinci kanki kina kallon rigimar wasu awa biyu ta wuce. Ga data, tunda hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025 kowa ya ji a jikinsa, bidiyo kuwa zuƙa yake. Laif ma, wato bidiyon kai tsaye, da ake kwaɗaita miki sai kin kai mabiya 1000, kuma da dare ya fi jama'a, lokacin da gida ke buƙatarki.

Ni abin da ya dawo da ni hankalina, wata rana ƙarfe ɗaya na dare ina ta tura wa wata kala-kalar leshi, ta ce in ɗauko a haske, na tashi na kunna fitila na tada jaririna, da safe ta ce bari ta yi shawara. Har yau tana shawarar. Washegari na sayi sabon layi na sa WhatsApp Business a tsohuwar wayata. Kyauta ne, tun 2018 yake amma da yawanmu mun sauke ba mu taɓa buɗe cikinsa ba. Akwai katalog, ki jera kaya da kuɗinsu sau ɗaya, mai tambaya ki tura mata ta duba da kanta. Akwai saƙon da ke amsawa da kansa in kin tashi aiki, nawa cewa yake mun rufe sai tara na safe in sha Allahu. Bayan isha'i wayar tana shiga durowa. Na ji tsoron kwastomomi za su gudu, mai niyyar saye ba ta gudu ba, 'yan tayi ne suka ragu.

Wani abu kuma, ko wanne kika zaɓa gidan haya ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021 WhatsApp da Facebook da Instagram duk suka ɗauke kusan awa shida, a shekarar ce ma gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter tun Yuni sai Janairun 2022 aka buɗe. TikTok na iya rufe akawun ɗinki, WhatsApp ma yana kulle layi in kina ta tura talla wa waɗanda ba su san ki ba suna kai ƙararki. Ki samu littafi ki dinga rubuta lambar duk wadda ta taɓa saye da abin da ta saya.

Da ni ce ke, ga yara ga ba mai taya ki, sitatus zan riƙe a matsayin shago, hoto biyar ko shida da safe, kaɗan da yamma. TikTok kuma bidiyo biyu a sati, ki ɗauke su rana ɗaya ranar da kike haɗa turare tunda dama wuta na kunne, ki sa lambar layin kasuwa a jiki, duk wadda ta biyo ki ce ta ajiye lambar ke ma ki ajiye tata, ta zama 'yar sitatus kenan. Duk odar baƙuwa kuma ki jefa mata 'yar ƙaramar kwalbar humra ta wani kalar da ba ta saya ba.